Lasisin Windows da canjin kayan kwamfuta: tambayoyin da ake yawan kawo mini a shago

Gyaran kwamfuta nake yi a nan Yamai. Daga watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuran na zuwa yana komawa, har zuwa tsawar damina, da wuya mako ya wuce ba a kawo mini injin da babban allonsa ya ƙone ba, wato abin da mu masu gyara muke kira kartmer. Sauya ƙarfe abu ne mai sauƙi. Inda rigima take tasowa shi ne bayan an biya kuɗin gyara an kai inji gida, sai rubutu ya fito a kusurwar dama ta ƙasa yana cewa "Activer Windows". Daga nan sai zargi: mai gyara ya cire wani abu, ko ya musanya na ainihi da jabu. Sau da yawa babu wanda ya ci amanar wani. Ba a duba lasisin ba ne kafin a sa turnabis.

Lasisi dukiya ce da aka biya kuɗinta, ko da mai injin bai san ya biya ba. Ga tambayoyin da aka fi yi mini, da yadda nake amsa su.

Malam, wai ina lasisin nan yake zama? Ba cikin diski yake ba?

A'a, kuma wannan kuskuren fahimta shi ne tushen rabin matsalolin da nake gani. Diski yana ɗauke da Windows ɗin kansa da takardunka da hotunanka. Izinin amfani da Windows kuwa yana wani wuri dabam.

Ka ɗauki misalin babur da kartgiris ɗinsa. Takardar tana ɗauke da lambar shasi. Ka canza taya, ka canza batir, ka sake sirdi, babur ɗin dai shi ne, takardarsa na nan daram. Ranar da ka canza shasin kuwa, takardar hannunka ta zama ta wani babur. A wurin Microsoft, kartmer ita ce shasi.

Tun Windows XP a 2001 kamfanin ya shigo da tsarin aktibe, wato tabbatar da lasisi, inda Windows ke duba kayan da ke cikin inji ta haɗa wata shaida daga gare su. Da Windows 10 ta fito ranar 29 ga Yuli 2015 sai aka ƙara abin da ake kira lasisin dijital: shaidar injinka tana ajiye a na'urorin Microsoft, kuma duk lokacin da ka sake girka Windows iri ɗaya a kan wannan injin, da zarar ya hau intanet za a gane shi a aktibe shi, ba tare da ka buga ko harafi ɗaya ba. Bayan wannan akwai makulli, mai haruffa da lambobi 25 da aka kasa biyar-biyar. A injinan da suka fito da Windows 8 zuwa sama, wato daga 2012, masu ƙerawa irin su HP, Dell da Lenovo suna rubuta makullin a cikin ƙwaƙwalwar kartmer ɗin kanta. Shi ya sa ba ka ganin takarda manne a gindin inji kamar yadda ake gani a zamanin Windows 7.

Ina son ƙara ram, in cire tsohon diski in sa SSD. Lasisina zai tafi?

Ba zai tafi ba. Ƙara ram, wato ƙwaƙwalwar aiki ta inji, sa SSD, wato sabon nau'in diski mai sauri, canza batir, madannai, fuskar inji, katin hoto ko akwatin wuta, duk ba sa taɓa lasisi. Ko ka kwafe tsohon diskin kacokan zuwa SSD, ko ka girka Windows sabuwa fil, sakamakon ɗaya ne. Idan wajen girkawa aka tambaye ka makulli, latsa "Je n'ai pas de clé de produit" ka wuce. Sharaɗi guda ne: ka girka irin wadda kake da ita. Mai Famille ya sa Famille, mai Professionnel ya sa Professionnel.

Kuma ina ƙarfafa wa mutane gwiwa su yi wannan canjin. Tsohon inji mai ram giga 4 da diski mai juyawa, idan aka kai shi giga 8 aka sa masa SSD, mai shi kan rantse an musanya masa da sabo.

Furosesa fa?

Idan furosesa, wato kwanyar injin, ita kaɗai aka canza kartmer tana nan, yawanci lafiya lau. Sai dai a kwamfutar tafi-da-gidanka ta zamanin nan furosesar a like take da kartmer, ba a cire ɗaya a bar ɗaya. Don haka tambayar ta fi shafar masu injin tebur.

Na ji ana cewa lasisi iri-iri ne. Me ya bambanta su?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata kowa ya fara yi, domin amsarta ce ke nuna ko lasisinka zai bi ka zuwa sabuwar kartmer ko zai mutu da tsohuwar.

Na farko shi ne OEM, wanda ya zo da injin daga masana'anta. Kuɗinsa na cikin kuɗin injin, kuma mai ƙerawa ya same shi da rahusa bisa sharaɗin cewa na wannan injin ne shi kaɗai. Tare aka haife su, tare za su mutu. Idan ka sayar da injin lasisin ya bi shi, ba ka da ikon riƙe shi ka sa a wani. Kusan duk kwamfutar tafi-da-gidanka da ake saukewa a Babbar Kasuwa ko a shagunan cikin gari, sabuwa ce ko okaziyo, irin wannan ne a cikinta.

Na biyu shi ne wanda mutum ya saya da kansa, daban da inji, a shagon Microsoft na intanet ko a kwali daga dillali amintacce. Windows tana rubuta shi da sunan RETAIL. Wannan naka ne kai mutum. Kana iya ɗauke shi daga inji zuwa inji sau nawa ka so, muddin a inji ɗaya yake aiki a lokaci guda. Tsadarsa ta sa ba a cika ganinsa a wurinmu ba: a shagon Microsoft na Faransa, Windows 11 Famille yuro 145 ce, Professionnel kuma yuro 259. Da yake yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, kana maganar kusan jikka 95 da kusan jikka 170. Wani injin okaziyon ma bai kai haka ba.

Na uku shi ne na ma'aikatu, wanda ake saya da yawa a dunƙule, ana rubuta shi VOLUME. Bankuna, ofisoshin gwamnati da manyan ƙungiyoyi ke amfani da shi. Kashi biyu ne: MAK, makulli ɗaya da aka ƙayyade masa yawan injinan da zai aktibe, da KMS, inda ma'aikatar ke da na'urarta ta cikin gida da injina ke zuwa suna sabunta izini a wurinta. Izinin KMS kwana 180 yake yi. Idan inji ya bar ma'aikatar bai sake jin ɗuriyar wannan na'ura ba, bayan wata shida sai rubutun nan ya fito. Lasisin ma'aikata na ma'aikata ne, ba ya zama naka don injin ya zo hannunka.

To yaya zan san wanda nake da shi?

Latsa madannin Windows tare da R, ka rubuta cmd, baƙar taga za ta buɗe. Rubuta slmgr /dli ka latsa Entrée. Ƙaramar taga za ta fito, a layin bayani za ka ga ɗaya daga cikin waɗannan: OEM_DM, RETAIL, VOLUME_MAK ko VOLUME_KMSCLIENT. Sai ka sake rubuta slmgr /xpr. Idan ta ce an aktibe injin na dindindin, madalla. Idan ta ba ka ranar ƙarewa, KMS ne.

Akwai tarko ɗaya a nan. Injin da ya hau Windows 10 kyauta daga Windows 7 ko 8 yakan nuna RETAIL ko da asalin lasisinsa OEM ne. Dubi haruffa biyar na ƙarshen makulli da tagar ke nunawa. Idan 3V66T ne a Professionnel, ko 8HVX7 a Famille, wannan makulli ne na gama-gari da miliyoyin injina ke ɗauke da shi. Na sha ganin mutum ya kwafe shi a takarda ya adana cikin jaka kamar takardar fili, ranar buƙata kuma bai aktibe komai ba. Lasisin irin wannan injin na dijital ne, kariyarsa kuma asusun Microsoft.

Gobe za a canza mini kartmer. Me zan yi yau?

Alhamdu lillahi da ka tambaya tun injin na numfashi. Aikin bai fi minti goma ba.

Shiga Paramètres. A Windows 10 ka bi Mise à jour et sécurité sannan Activation. A Windows 11 ka bi Système sannan Activation. Karanta abin da aka rubuta da kyau. Idan ka ga "licence numérique liée à votre compte Microsoft", an riga an ɗaura lasisin da asusunka. Idan "licence numérique" kawai ka gani babu maganar asusu, to shiga da asusun Microsoft naka a wannan shafin ko ta Comptes, kana matsayin mai iko da injin, intanet kuma na kunne. Ka dawo ka tabbatar jimlar ta canza. Wannan damar ta shigo ne da sabuntawar 1607 ta watan Agusta 2016, duk Windows 10 da ta biyo bayanta da Windows 11 suna da ita.

A shafin nan dai, rubuta irin Windows ɗinka: Famille, Famille Unilingue ko Professionnel. Ɗauki hoton shafin da wayarka. Idan kai ka sayi makullin, nemo kwalin ko saƙon imel da faktir ɗin sayen ka ajiye kusa.

Sai abin da aka fi mantawa: ka tabbata kana iya shiga asusun daga wani wuri. Gwada shi a waya yau ɗin nan. Mutane da yawa sun buɗe asusu da lambar layin da ya ɓace shekaru uku da suka wuce, kalmar sirri kuma ta tafi da tsohuwar waya. Ranar da Microsoft za ta aika lambar tabbatarwa, ga wanda ya gaji layin za ta je. Sa lambar da kake riƙe da ita yanzu, ka ƙara imel na biyu.

Kwafe takardunka a wani diski na waje, sannan ka karanta amsar da na bayar a ƙasa kan BitLocker, tsarin kulle diski, kafin ka miƙa injin.

An riga an canza, ga rubutun ya fito. Sai yaya?

Haɗa injin da intanet mai ƙarfi, ka shiga da asusun nan da aka ɗaura lasisin da shi. Koma shafin Activation ka latsa maɓallin warware matsala, wanda ke fitowa kawai idan Windows ba a aktibe take ba. Zai yi bincike ya ce bai samu lasisi ba. A ƙasa akwai ƙaramin layi da ke cewa ka canza kayan wannan injin kwanan nan. Latsa shi. Jerin injinan da ke asusunka zai fito, ka zaɓi tsohon sunan injinka, ka sa alama cewa shi ne wanda kake amfani da shi yanzu, ka latsa Activer.

Mai makullin RETAIL yana da hanya ta biyu: a shafin nan ya zaɓi canza makulli ya buga haruffansa 25. Idan duka biyun suka ƙi, akwai manhajar Obtenir de l'aide a cikin Windows, ta nan ake magana da ma'aikatan Microsoft, kuma abin da za su fara nema shi ne shaidar saye.

Kafin ka tayar da hankalinka, dubi agogon injin. Kartmer ɗin okaziyo takan zo da mataccen ƙaramin batir, mai kama da kwabo, lambarsa CR2032. Idan ya mutu kwanan wata yakan koma shekarun baya, na'urorin Microsoft kuma ba sa amsa wa injin da agogonsa ya ɓace. Na taɓa kwana biyu ina fama da wani inji, ashe batirin nan ne kawai.

Tsawa ce ta ƙona mini kartmer, ba da son raina na canza ba. OEM ɗina ya tafi ke nan?

Hajiya, wannan ita ce amsar da ta fi yi mini nauyin faɗa. Idan injin na cikin garanti aka mayar wa mai ƙerawa ko wakilinsa ya sa kartmer irin ta asali, gyara ne, lasisi na nan. Amma yawancin injinanmu sun baro garanti tun kafin su hau jirgin ruwa.

Abin da muke yi a nan shi ne neman kartmer daga wani mataccen inji irin naki sak, wanda fuskarsa ta fashe ko jikinsa ya karye. A nan akwai sa'a: wannan kartmer ɗin takan zo da nata makullin a rubuce a cikinta. Da an kunna an hau intanet sai Windows ta aktibe da shi. Abin lura shi ne nata makullin zai iya zama Famille alhali diskinki na ɗauke da Professionnel, sai an sake girka wadda ta dace.

Idan kuwa sabuwar kartmer ce ta injin tebur, wadda aka saya a kwali, babu makulli a cikinta. Wani lokaci hanyar asusu takan wuce da OEM, wani lokaci ta ƙi. Ba na yi wa kowa alkawari a kai, domin a ƙa'ida OEM ba ya ƙaura. Ki sa kuɗin lasisi a lissafinki tun farko. Kuma don Allah, wanda ya iya sayen kwamfuta ya daure ya sayi ondila ko regilata, ya riƙa zare waya daga bango idan hadari ya haɗo.

Na cire diskina na sa a wani inji, Windows ta tashi. Lasisin ya biyo ni?

Bai biyo ka ba. Windows 10 da 11 sun iya tashi a baƙon inji, amma lasisin da za su nema na sabon injin ne. In yana da nasa kuma iri ɗaya ne, sai ta aktibe. In babu, rubutun zai fito.

Mai gyara ne ya buɗe mini asusun, ban san kalmar sirrin ba.

Wannan ɗabi'a ce da nake roƙon ƴan'uwana masu sana'a mu bari. Windows 11 tana matsa wa mutum ya shiga da asusu wajen girkawa, mai gyara kuma yana sauri, sai ya sa imel ɗinsa, ko ya ƙirƙiri wani ya manta da shi. Ta haka lasisin mai inji da makullin ɓoye diskinsa suke komawa hannun wani. Ko da mutumin kirki ne, gobe zai iya tashi daga shagon ya koma Tawa ko Maraɗi.

Idan haka ta same ka kuma injin na aiki, gyaran mai sauƙi ne. Buɗe asusunka na kanka, ka ƙara shi a injin a matsayin mai iko, ka shiga da shi, ka tabbatar shafin Activation ya nuna an ɗaura, sannan ka cire na mai gyaran bayan ka kwashe takardunka. A shagona mai inji ne ke buga kalmar sirrinsa da hannunsa, ni ina juya baya.

Me lambobin kuskuren nan ke nufi?

Waɗanda na fi gani: 0xC004F211 na nufin Windows ta lura kayan injin sun canza. 0xC004F213 da 0x803F7001 na nufin ba a samu makulli ko lasisi na wannan injin ba. 0xC004C008 na nufin an riga an yi amfani da makullin a wani inji, ko ya cika adadinsa. 0xC004C003 yawanci makulli ne da ba a karɓa ba ko aka toshe. 0xC004F074 kuwa inji ne ke neman na'urar KMS bai same ta ba. Ɗauki hoton lambar kafin ka zo, tana rage mana rabin aiki.

Ana sayar da makulli jikka biyu ko uku a intanet, wasu kuma suna sa kirak, manhajar aktibe ta ɓarauniyar hanya, kyauta. Me ya sa zan wahala?

Na san halin da ake ciki, kuma ba na raina wanda bai da jikka 95. Amma ga abin da kake saya. Makullan nan masu arha yawanci MAK ne da aka fitar daga wata ma'aikata, ko makulli ɗaya da ake sayar wa mutane da yawa. Yau zai aktibe. Ranar da aka toshe shi, ko ranar da ka canza kartmer, babu wanda za ka kama, domin ba ka da faktir da Microsoft ta sani. Kirak kuma yawancinsa KMS ne na ƙarya da ake dasawa a cikin injin, kuma kafin ya shiga sai an kashe mai gadin Windows. Ka buɗe wa manhajar da ba ka san mai ita ba ƙofa, a injin da kake shiga banki da imel da shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wannan: injina da yawa da ake sa wa kirak suna da lasisinsu na halal a kwance cikin kartmer. Latitude, EliteBook da ThinkPad ɗin da ake kawowa daga Turai, Amurka ko Dubai injinan ofis ne, kuma yawancinsu sun fito daga masana'anta da makullin Professionnel a ciki. Sai wani ya fomate, wato ya share diskin, da kile USB ɗin da ke yawo hannu-hannu, ya girka wata Windows dabam, ta ƙi aktibe, ya ɗora kirak a kai. Mai injin ya biya lasisi, an binne masa shi.

Dubawa ba wuya. Buɗe PowerShell, wata tagar rubuta umarni irin cmd, ka rubuta (Get-CimInstance SoftwareLicensingService).OA3xOriginalProductKey. Idan haruffa 25 suka fito, kana da makulli. A sauko da Windows mai tsabta daga shafin Microsoft a girka, ita da kanta za ta karanta shi ta zaɓi irin da ya dace. Wani ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni ya zo mini da kuɗin makulli a hannu, kuɗin da ya tara da ƙyar. Layin nan ɗaya muka rubuta, ya koma da kuɗinsa.

Akwai takardar Windows 7 manne a gindin injina. Tana da amfani?

A da tana da shi. Tayin hawa Windows 10 kyauta ya ƙare a hukumance ranar 29 ga Yuli 2016, amma makullan Windows 7 da 8 sun ci gaba da karɓuwa har watan Satumba 2023, lokacin da Microsoft ta rufe ƙofar. Injin da ya riga ya hau kafin nan yana nan da lasisinsa na dijital. Sai dai kada ka dogara da cewa irin wannan lasisin zai bi ka zuwa sabuwar kartmer.

Injina daga Kano ya zo, da Ingilishi yake. In na mayar da shi Faransanci lasisi zai lalace?

Lasisi ba ruwansa da harshe. A Famille da Professionnel ana sauko da Faransanci daga Paramètres a canza. Famille Unilingue ce kawai ba ta yarda a canza harshe daga ciki, sai dai a sake girka Unilingue ɗin ta Faransanci, kuma za ta aktibe da lasisin da ke nan.

Bayan gyara shuɗiyar fuska ta fito tana neman lambobi 48. Shi ne makullin Windows?

Ba shi ba ne, kuma wannan ya fi maganar lasisi haɗari nesa ba kusa ba. BitLocker ke nan, tsarin da ke ɓoye abin da ke cikin diski don kada ɓarawo ya karanta. Sirrin buɗe shi yana cikin wani ɗan guntu a kartmer mai suna TPM. An canza kartmer, sirrin ya tafi, diski ya kulle. Injina da yawa na zamani suna kunna ɓoyewar nan da kansu idan aka shiga da asusun Microsoft, musamman daga Windows 11 24H2, mai injin bai ma sani ba.

Lambobin 48 suna ajiye a asusun da aka fara shiga da shi. Daga waya ka shiga account.microsoft.com, ka nemi sashen na'urori, za ka ga makullan farfaɗowa. Idan injin na ma'aikata ne, suna wurin mai kula da kwamfutocinsu. In ba a same su ba, babu mai gyaran da zai iya buɗe diskin, a Yamai ko a ko'ina, Microsoft ma ba ta iyawa. Lasisi ana sake saye. Kundin kammala karatu da lissafin shago na shekara biyar ba a sayo su a kasuwa. Saboda haka kafin a taɓa kartmer, a nemo lambobin nan a rubuta a takarda, ko a kashe ɓoyewar gaba ɗaya har a gama aiki.

Word da Excel fa?

Lasisinsu dabam ne. Microsoft 365 na biyan wata ko shekara yana bin asusunka, shiga kawai za ka yi. Office na saye sau ɗaya, irin 2021 ko 2024, na inji ɗaya ne, ana sake girka shi daga asusun da aka yi masa rajista da shi.

Windows 10 ta ƙare. In gyara tsohon injina ko in sayi wani?

Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Injin ba zai mutu ba, lasisin ma na nan, amma facin tsaro na yau da kullum ya tsaya, in ban da waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi na ESU, wanda a 2025 aka sanar cewa na mutanen gida zai kai 13 ga Oktoba 2026. Lasisin Windows 10 na halal yana aktibe Windows 11 iri ɗaya ba tare da ƙarin ko dala ba. Matsalar ƙarfe ce: Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoba 2021, tana son TPM 2.0, ram giga 4, diski giga 64, da furosesar Intel daga zuriya ta 8 ko AMD Ryzen daga jerin 2000.

Ga lissafin da nake yi wa masu injin tebur. Idan furosesarka zuriya ta 4 ce ko ta 6, hawa ta 8 na nufin sabuwar kartmer, sabuwar furosesa, wataƙila sabon ram, kuma idan OEM ne da kai, sabon lasisi. Tara waɗannan ka kwatanta da kuɗin injin ofis na okaziyo mai zuriya ta 8, wanda ya zo da Professionnel ɗinsa a ciki. Sau da yawa na biyun ya fi sauƙi. Tsohon kuma kada a yar da shi: Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda ake girkawa a madadin Windows, kyauta suke, ba su da makulli ba su da aktibe, kuma sun ishi yara karatu da shiga intanet.

Idan na bar ta ba a aktibe ba, me zai faru?

Injin zai yi aiki, sabuntawar tsaro za ta riƙa shigowa. Rubutun kusurwa zai zauna, kuma ba za ka iya canza launi da hoton bango daga Paramètres ba. Ba hanyar zama ba ce a ƙa'ida, amma ga wanda ke tara kuɗin lasisi, na fi son ya haƙura da rubutun nan wata biyu da ya sa kirak.

Zan sayi okaziyo. Me zan duba tun ina gaban mai kaya?

Ka ce a kunna, ka rubuta slmgr /dli da slmgr /xpr da hannunka. OEM_DM da aktibe na dindindin, ka samu abin da kake so. VOLUME_KMSCLIENT da ranar ƙarewa, ka rubuta layin PowerShell ɗin nan ka ga ko akwai makulli a kartmer. In akwai, a girka maka Windows mai tsabta kafin ka biya. In babu, a rage maka kuɗi, domin inji ne marar lasisi. Ka tabbata BIOS, wato saitin kartmer, ba ta da kalmar sirri, kuma idan wajen saitin farko injin ya nuna sunan wani kamfani yana neman imel ɗin ma'aikacinsa, har yanzu yana rajistar wannan kamfanin, fomate ba ya cire shi. Mayar da shi ka zaɓi wani.

Zan sayar da tsohon injina, amma RETAIL ɗin da na saya ina son in riƙe shi.

Hakkinka ne. Kwashe takardunka, ka buɗe baƙar taga a matsayin mai iko ka rubuta slmgr /upk don cire makullin, sannan slmgr /cpky don share shi daga rajistar Windows. Ka fomate diskin, ka sa makullin a sabon injinka, bayan ya aktibe ka shiga asusunka ka cire tsohon daga jerin na'urori. Sannan ka gaya wa mai saye gaskiya cewa injin ba ya tare da wannan lasisin, don ya san abin da yake biya. Idan tsohon injin yana da OEM ɗinsa na asali a kartmer, girka masa irin wannan Windows ɗin ka miƙa masa shi a aktibe.